Shamuwar Wani Muka Ci

Shekarar da na kama aikin malamin daji a En'e ta Haɗejiya, sojojinmu ba su daɗe da dawowa daga yaƙin Bama ba, ni kuma ban daɗe da fitowa daga makarantar Midil ba. Kaina cike yake da iska. Ina da keke, ina da wandon kaki, ina da alƙalami maƙale a aljihun gaba inda kowa zai gani. Aikina shi ne in bi Baturen daji duk inda ya sa ƙafa, in yi masa tafinta, in rubuta abin da ya ce a rubuta.

Baturen nan dogo ne siriri, rana ta gasa masa wuya ya yi ja. Don itatuwa aka turo shi, amma zuciyarsa tana wurin tsuntsaye. Muna tsaka da maganar gandun daji da bulaman wani ƙauye, sai ka ga ya daskare, ya ɗora madubin hangen nesa a ido, ya bi wata balbela da kallo, ya bar dattijo tsugune da magana a baki. Tun ina jin kunya har na saba.

Ran nan damina ta ja jiki, an fara yankan gero, kogi ya gama malala a fadama ya soma ja da baya, sai ya kira ni ofis. Ya buɗe wani littafi mai hotunan tsuntsaye, ya ce a irin wannan lokaci na kaka ne tsuntsayen ƙasashensu suke gudo wa sanyi su sauka a fadamarmu. Yana so a ware rana ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar, a ƙirga tsuntsayen da ke tafkuna tun daga bayan gari har wajen Kirikasamma. Abin da ya fi damunsa kuwa wasu baƙin tsuntsaye ne da ba kasafai ake ganinsu ba, ya ja musu layi da jan fensir. Cikinsu har da farar shamuwa. Ba shamuwarmu ta gida ba mai zuwa da ruwan fari, wadda ba mai taɓa ta. Wannan ta fi ta girma, fara ce da baƙi a fiffike, baki ja, ƙafafu ja.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in mun ƙirga su, sai mu yi yaya da su?"

Ya ce, "Sai mu sani."

A raina na ce wannan bawan Allah bai da aikin yi, amma da yake shirya abin a wuyana ya faɗo, nan da nan na ɗauke shi da zafi kamar ni na ƙago shi. Na zaɓi tafkuna goma, kowanne za a sa masa mutum biyu. Masunta da maharba ne za su yi, su kuwa ba su rubutun boko, saboda haka na ɓullo da dabarar da har yau nake alfahari da ita. Kowane tafki a ba shi 'yar gora da ƙunshin ƙwayoyi. In garken kirinjijiya ya wuce, a jefa ƙwayar dawa a gora. In dinya ce, gyaɗa. Gauraka, ƙwallon tsamiya. Farar shamuwa kuwa, in Allah ya kawo ta, kowace guda farin wake ɗaya. Da yamma a juye a tabarma in ƙirga in rubuta. Bature ya yaba, ni kuwa na kumbura.

Saura wanda zai shiga jirgi ɗaya da Bature ya riƙa nuna masa. Nan na shiga cika baki. Na ce ina da kawu, wan mahaifiyata, wanda in tsuntsu ya wuce ta bayansa zai faɗi sunansa daga inuwar da ya gani a ruwa. Ban yi ƙarya ba. A hannunsa na tashi kafin a kai ni makaranta, a wani ƙauye na bakin kogi, tafiyar rabin yini a keke. Maharbi ne kuma masunci, mutum mai barkwanci, mai son a zo a tambaye shi abin da ya sani. Na tabbata zai yi murna. Na yi wa Bature alkawarinsa tun ban tambaye shi ba.

Na iske shi a gindin giyayya yana ɗinkin komarsa ta su, ɗansa, wato taubashina, yana shafa wa gorar kamun kifi ƙaro. Muka gaisa, taubashi ya tambaye ni ko alƙalamin nan yana rubutu ko ado ne, na ce ya jira ranar da za a rubuta sunan ragwaye. Sannan na kwashe bayani na faɗa wa Kawu, ina yi ina murmushi, ina jiran ya fara yabon kansa.

Sai na ga allura ta tsaya a hannunsa.

"Ƙirgawa za a yi?"

"E, Kawu."

"Bature da kansa?"

"Da kansa."

"Har da farar nan ya ambata?"

"Ita ma ya fi nema."

Ya mai da ido kan kogi. Ya ce, "Ɗan nan, ƙafata tana ciwo kwanan nan. A nemi wani."

Ƙafar da na ga ya tsallake kwari da ita ɗazu! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ya tuna fa na riga na ba da sunansa, in bai zo ba ni zan ji kunya. Bai tanka ba. Na kwana a gidan ina cika ina batsewa, ko kifin da matarsa ta dafa mini ban ci na kirki ba.

Da gari ya waye, bayan an sha kunu, ya yafuto ni da hannu muka zagaya bayan rumbu. Ya miƙa hannu cikin jinka ya zaro wata 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ya kwance ta, ya juye a tafin hannuna. Wani ɗan zobe ne na farin ƙarfe, marar nauyi, da rubutun boko da lambobi zagaye da shi.

Ya ce, "Ka tuna shekarar da fara ta cinye mana gero?"

Na tuna. Ina yaro a gidansa, muka wuni muna kaɗa gwangwani a gona a banza, daga baya muka koma cin bado da tafasa.

Ya ce a shekarar ne fararen shamuwoyi suka biyo farar suna ci. Gida ba komai, yara suna kuka, sai ya ɗauki bindigarsa ya harbo guda. Ya yanka ta da bismilla, sai da ya zo fige ta ya ga zoben a ƙafarta. Gabansa ya faɗi. Abin da aka sa wa ƙarfe da lamba ai yana da mai shi. Rubutun kuwa na Nasara ne, irin wanda ke jikin bajon ɗan doka. Ya rasa yadda zai yi, ga nama ya riga ya zama nama, ga yunwa. Aka dafa aka ci.

"Kai ma ka ci," in ji shi. "Cinya guda aka ba ka, har ka nemi ƙari."

Shekara goma sha biyu ke nan yana ɓoye da zoben, matarsa kaɗai ta sani. Ya ce tun ranar ya san za a zo. Ya ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini. Wane ne yake tashi haka kawai ya ƙirga dabbobinsa? Bafillace ma ba ya ƙirga shanunsa, kallo ɗaya yake yi ya san sun cika. Ba a ƙirga abu sai an ga alamar ɗaya ya ɓata. Sun duba garkensu sun ga babu guda, shi ne suka biyo sawu."

Na so in yi dariya, amma dariyar ta maƙale. Na juya zoben na karanta. Lambobin na gane su, kalmomin kuwa ba Turancin da aka koya mana ba ne, ko ɗaya ban fahimta ba. Duk Midil ɗin da na yi ba wanda ya taɓa gaya mini ana sa wa tsuntsun daji zobe. Sai na ji maganar Kawu ta shige ni. Me ya sa Bature ya ja wa farar shamuwa jan layi? Me ya sa da na tambaye shi amfanin ƙidayar ya ba ni amsa guntuwa? Tsoro ya kama ni sosai, na hango Kawu a gidan yari, na hango kaina ba keke ba kaki.

Na ce, "Kawu, kawo in jefa shi a kogi, magana ta ƙare."

Ya karɓe abinsa ya harare ni. "In ka jefa zoben, naman fa? Gidan yari da sauƙi, ɗan nan, ana shiga a fito. Abin da ke ci mini rai, na ciyar da iyalina dabbar wani, ban san mai ita ba balle in nemi ya yafe mini. Na tsufa. Da wane ido zan je da wannan?"

Ban taɓa ganin Kawu haka ba, tausayinsa ya kama ni. Taubashi, wanda ashe yana laɓe a bayan zana yana ji, ya leƙo ya ce shi bai ga abin wahala ba. Tun da da wake ake ƙirgawa, Baba ya je, in an ga fararen nan sai ya ƙara wake ɗaya a gora. Lissafi ya cika, Bature ya koma gida da farin ciki. Na ce masa rabon da ya yi magana mai ma'ana tun ranar da aka yaye shi. Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce zai zo.

Kwana takwas na yi ina zagaya ƙauyuka a keke, inda keke ya kasa in ɗora shi a ka in ratsa ruwa. Na raba goruna da ƙwayoyi, na yi ta maimaita bayani har muryata ta dushe. Wani bulama ya tambaye ni ko tsuntsun da ya wuce ya dawo za a sake sa masa ƙwaya. Wani ya ce shi tafkinsa da safe ba kowa, tsuntsayen sai bayan azahar suke zuwa, ko za a aika musu su sammako? Na haɗiye fushi na amsa kowa. Duk wannan zirga-zirga zancen zoben yana raina, in na shiga ofis ba na iya haɗa ido da Bature.

Ranar ƙidaya gari ya waye garau. Ban taɓa ganin fadama ta yi kyau irin na ranar ba, ko kuwa dai ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Ruwa ya kwanta shimfiɗe har inda ido ya tsaya, bado ya buɗe fari fat, shinkafa ta sunkuya. Kirinjijiya suna tashi garke-garke suna fito, dinya suna tafe a bakin ruwa da nauyin jiki, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya ko motsi babu. Muka shiga jirgi mu huɗu: Bature a tsakiya da madubinsa, ni da littafi, Kawu a gaba da gorarsa, mai tuƙi a baya da gwangwala.

Kawu ya zo cikin rigarsa ta sallar Juma'a, abin da ba mai yi in zai shiga jirgi. Na gane shirin tafiya ya yi, in ta kama a wuce da shi daga nan. Da fari ko uffan ba ya cewa. Amma mutum da abin da ya iya sai a hankali. Wani ɗan tsuntsu ya yi ƙara cikin ciyawa, Bature ya shiga buɗe shafukan littafinsa mai hotuna, Kawu ya faɗi sunansa ba tare da ya waiwaya ba, ya ƙara da cewa macen ce, namijin muryarsa ta fi kauri. Aka matsa, ta tashi, ga ta kuwa yadda ya faɗa. Bature ya buga cinya. Kafin hantsi ya yi zafi sun ɗinke, wannan yana nuna hoto, wannan yana cewa mai zanen bai taɓa ganin tsuntsun a raye ba, ai ƙafar ba haka take ba. Ni da aka kawo don tafinta sai na koma ɗan kallo.

Can wajen wani tudu Bature ya ɗaga hannu a tsaya. Ya raɗa mini in rubuta burtu guda ɗaya, ga shi can yana kiwo cikin ciyawa, yana sunkuyawa yana ɗagowa. Na rubuta. Kawu ya kare ido da hannu ya duba, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Ina kwana? Yaya mai jiki?" Burtu ya miƙe tsaye da ƙafa biyu ya amsa da sauƙi. Wani maharbi ne abokin Kawu, ya ɗaura kan burtu a goshi yana sanɗar dinya. Bature ya yi dariya har jirgi ya nemi kifewa, ya ce in goge, ko kuwa in bari amma in rubuta cewa wannan burtun yana da iyali.

Bayan azahar muka kai wata fadama da ruwa ya janye, aka bar danshi da ɗanyar ciyawa. Nan muka gan su. Fararen shamuwoyi, suna tafe a hankali suna tsintar fara. Bature ya ɗora madubi yana ƙirgawa da leɓe. Ni kuwa Kawu nake kallo. Ya kwance ƙunshin wake, yana jefawa ɗaya-ɗaya, ina jin ƙarar faɗawarsu a gora. Tara na ji. Bature ma ya juyo ya ce tara. Sai na ga wake na goma tsakanin yatsun Kawu. Ya riƙe shi a bakin gora, ya daɗe. Na kau da kai, don ban san abin da nake so ya yi ba. Da na waiwayo ya toshe gorar da tsumma ya rungume ta.

La'asar sakaliya aka taru a gindin wata tsamiya, aka shimfiɗa tabarma. Masu ƙirga suka yi ta isowa, wasu a jirgi, wasu kwance a kan gora suna iyo da ƙafa, Mangawan cikinsu suna ta gaisuwarsu ta wushe-wushe da juna. Aka fara juyewa tafki-tafki ina ƙirgawa. Da aka zo kan taubashi, ga dawa, ga ƙwallon tsamiya, gyaɗa ko ɗaya babu. Bature ya yi mamaki, ya ce tafkin nan da ya sani cike da dinya? Taubashi ya sosa ƙeya ya ce dinya kam akwai su, sai dai rana ta yi, ba a kawo musu abinci ba. Aka fashe da dariya. Na ce a rubuta cewa a tafki na shida dinya sun shige cikin mai ƙirga. Ya ce laifin wanda ya zaɓi gyaɗa ne, me ya hana shi ba su tsakuwa? Gaskiyarsa ce, amma ban yarda a gaban mutane ba.

Gorar Kawu ce ta ƙarshe. Ya taso da kansa, ya durƙusa gaban tabarma, ya cire tsumma ya juye. Wake ya watsu. Bayansa wani abu ya faɗo ya gangara ya tsaya daidai takalmin Bature. Zoben ne. Na ƙirga waken da ido, tara ne cif.

Kawu ya cire hula. Ya ce, "Ɗan nan, faɗa masa yadda na faɗa, kada ka gyara. Ranka ya daɗe, tara ka gani, da goma ne. Ta gomar ni na harbe ta shekarar fara. Ba wanda ya sa ni. Yaran da suka ci ba su san komai ba. Ga ni."

Na fassara. Bature ya ɗauki zoben ya kai kusa da ido, ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya yi wata ƙara, ya miƙe zumbur, ya kama hannun Kawu da hannu biyu yana girgizawa. Kawu ya dube ni, yana tambayata da ido ko haka ake kamu a wurinsu.

Da ƙyar Bature ya natsu ya yi bayani. Ya ce ba tsuntsun gwamnati ba ne, ba kuma wanda ya ƙirga ya ga babu ita. A ƙasashensu akwai masu hawa inda tsuntsu ya yi sheƙa su sa wa 'ya'yan zobe, don in wani ya tsinta a wata ƙasa ya aiko da labari, a san inda suke zuwa. Wannan zoben ba ma daga Ingila yake ba, daga wata ƙasa ce ta Turawa can gaba. Shamuwar ta ƙetare teku da hamada kafin ta iso mu. Ya ce duk tsuntsayen da muka ƙirga yau ba su kai masa wannan ɗan ƙarfen ba.

Ni dai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Mutane suka ɓarke da surutu, taubashi yana cewa da ya sani da tuni ya fito da maganar an ba su tukwici. Na zaci Kawu zai yi dariya. Ya mai da hularsa, sannan ya ce, "Tambaye shi. Wanda ya sa mata zoben, a ina ya same ta?"

Bature ya ce irin wannan shamuwa a kan rufin gidajen mutane take sheƙa, mai yiwuwa tsani ya sa ya hau.

"A kan gidansa. Ya kama ta da hannunsa tana 'yar tsako, ya sa mata alama, ya sake ta yana jiran ta dawo." Kawu ya gyaɗa kai. "To, ai tana da mai ita."

Bature ya ce ba komai, wallahi ba laifi, shi ya ɗauke masa. Kawu ya ce a yi masa godiya, amma a gaya masa ba shi ne mai ita ba, ba zai yafe abin da ba nasa ba. Tun da ya ce ana aika labari, to a aika da nasa. Bature ya ce zai aika, sai dai Kawu ya sani yaƙi ya bi ta ƙasar nan, ba lalle a sami mutumin da rai ba. Kawu ya ce in babu shi ai akwai magada.

A kan tabarmar nan na rubuta wasiƙar, Kawu yana faɗa ina juyawa Turanci, masunta sun kewaye mu suna ba da shawara. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali, ya ce a gaya wa mai shamuwa cewa ta iso lafiya da ƙibarta. Ba ta sha wuya ba, harbi ɗaya ne. An yanka ta yadda ya kamata, ba a bar ta ta mutu mushe ba. Mutum tara suka ci a shekarar yunwa, ba a zubar da komai ba. Bai ga zoben ba sai bayan aikin gama ya gama. Yana roƙo don Allah a yafe masa, shi da duk wanda ya ci. Na so in rage wasu wurare don kada Turawa su yi mana dariya, Bature ya leƙo ya ce ko wasali kada in taɓa.

Sanyi ya zo ya wuce, tafkuna suka ƙafe, baƙin tsuntsaye suka koma inda suka fito. Duk ranar kasuwa sai Kawu ya aiko a tambaye ni ko an ji wani abu. Tun ina cewa tukuna da fara'a har na fara jin haushin tambayar, don ni a raina na riga na fid da rai.

Ana gab da faɗuwar ruwa, ran nan Bature ya shigo ofis yana kaɗa ambulan. Ya ce ba zai ba ni in kai ba, da shi za a je. Muka iske Kawu yana gyaran gona. Ya jingina fartanya, muka zauna a inuwar gawo, Bature yana karantawa ina fassarawa.

Mace ce ta rubuto. Ta ce wasiƙar ta yi ta yawo hannu-hannu kafin ta same ta. Mahaifinta ne ya sa zoben, malamin makaranta ne a ƙauyensu, sheƙar kuwa a kan rufin ɗakinsu take. Ta tuna shekarar, don ita ce take riƙe masa tsani. Ya rasu a lokacin yaƙi. Ta ce duk kaka in shamuwoyi sun tashi sai ya tsaya a ƙofar gida yana cewa ko ina suke zuwa, bai taɓa samun amsa ba sai yanzu. Ta ce ta yi kuka da ta karanta, ta kuma yi dariya a wurin ƙibar. Ta ji daɗi da tsuntsuwar ta ciyar da yara. A wurinsu shamuwa ba ta kowa ba ce, amma tun da ya roƙa, ta yafe, da zuciya ɗaya.

Kawu ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Ya ce, "Tana da 'yan'uwa? Ai gado ba na mutum ɗaya ba ne, sai kowa ya yafe."

Bature ya duba ƙasan takardar. Ya ce ta faɗa. Su huɗu ne a gidan, ita kaɗai ta rage.

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana murza ƙasa da yatsa, na ga hawaye ya ɗiga a bayan hannunsa, ni ma nawa idon ya cika. Ya ce, "Allah ya ba ta haƙuri. Ashe ita ma ta ga shekarar fara."

Ya goge fuska da gefen riga, ya ja dogon numfashi ya sauke. Sannan ya dube ni, fuskarsa ta saki irin yadda na san ta ina yaro.

Ya ce, "Ɗan nan, yau naman nan ya wuce mini wuya."